Dartington: Ƙauyen Da Makaho Da Mai Ido Suka Yi Rawa Babu Ɗan Jagora

Daga tashar jirgin ƙasa ta Paddington da ke birnin Landan zuwa garin Totnes, can kudu maso yammacin Ingila, tafiyar kimanin awa uku ce. Wanda ya san hanya yakan yi sauri ya kama kujerar hagu ta jikin taga, domin da zarar jirgi ya wuce Exeter ya doshi Dawlish, sai layin dogo ya manne da bakin teku, har idan iska ta taso ruwa kan watso jikin gilashi. A watan Fabrairu na 2014 ma igiyar ruwa ta cinye katangar da ke tare da layin, ta bar ƙarafan dogo suna reto a iska, sai da aka yi wata biyu jirgi bai bi ta wurin ba.

Totnes ɗan ƙaramin gari ne a gundumar Devon, mai titi guda da ya haura tudu, da tsohuwar ganuwa a samansa. Daga nan zuwa Dartington bai fi mil biyu ba. Mai ƙarfin ƙafa zai iya bin gefen kogin Dart, cikin inuwar itatuwa da kukan tumaki, kafin ya ankara sai ga shi a bakin wata ƙofar dutse. Yana shiga zai ga makeken tsakar gida shimfiɗe da ciyawa, gine-ginen dutse sun kewaye shi, a can ƙurya kuma ga wani dogon zaure mai manyan tagogi.

Idan darakta ya ga wurin nan, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne lokeshin. Akwai lambun da aka yanka ƙasarsa hawa-hawa kamar matakala, ga wasu itatuwa 12 da aka jera a layi aka yi musu aski iri ɗaya, ga kuma wani tsohon rumbu da aka mai da shi gidan wasan kwaikwayo, daga baya ya zama sinima. Waƙa uku za a ɗauka a nan ba tare da an maimaita bango ba. To amma abin da ya sa sunan Dartington ya shiga tarihin rawa ba abin kallo ba ne. Hasali ma, yawancin waɗanda aka yi abin dominsu ba su taɓa ganin lambun ba.

An gina babban zauren ne a ƙarshen ƙarni na 14 domin wani basarake mai suna John Holland, wanda suke uwa ɗaya da Sarki Richard na Biyu. Bawan Allah bai ci moriyar gininsa ba, don a 1400 aka fille masa kai. Shekaru suka yi ta tafiya har rufin zauren ya tafi, wurin ya zama kango. A 1925 ne wani Bature, Leonard Elmhirst, da matarsa Dorothy, 'yar wani hamshaƙin attajirin Amurka, suka saye shi suka gyara, suka buɗe makaranta, suka shiga gayyato mawaƙa da masu zane da 'yan rawa daga ko'ina.

A nan ne masoya finafinan Indiya za su gyara zama. Shi Leonard ɗin nan ya zauna a Indiya, ya yi wa shahararren marubucin nan Rabindranath Tagore aiki, kuma daga wurinsa ya ɗauko tunanin haɗa noma da ilimi da fasaha a ƙauye guda. Ta wannan hanya gwanin rawar nan Uday Shankar ya zo Dartington da tawagarsa a shekarun 1930, kuma ma'auratan suka taimaka masa da kuɗin buɗe makarantar rawa a Almora, gindin duwatsun Himalaya. A makarantar Almora ɗin Guru Dutt, mai fim ɗin Pyaasa na 1957, ya koyi rawa yana saurayi. Tsohuwar nan mai ban dariya kuma, Zohra Sehgal, wadda ta fito kaka a Hum Dil De Chuke Sanam, ta kuma fito uwar Amitabh Bachchan a Cheeni Kum, ai 'yar rawa ce a tawagar Uday Shankar tun 1935, ta kuma koyar a Almora. Ka ji inda kuɗin ƙauyen Turawa ya je ya taɓa Bombay.

A 1961 aka buɗe kwalejin fasaha a harabar. Ƙarama ce ƙwarai, amma ta yi suna wajen karɓar abin da sauran makarantu ke ganin hauka ne. Daga 1973 wata Ba'amurkiya mai suna Mary Fulkerson ta riƙe sashen rawa, ita ce kuma ta jawo wani ɗan ƙasarsu, Steve Paxton, ya riƙa zuwa yana koyarwa.

Paxton, wanda aka haifa a jihar Arizona a 1939, ɗan wasan alkafura ne tun yana yaro kafin ya koma rawa. Ya yi aiki a tawagar Merce Cunningham daga 1961 zuwa 1964, ya kuma koyi aikido, wato kokawar Japanawa da ake koyon faɗuwa a cikinta kafin a koyi kayarwa. A watan Janairu na 1972, a kwalejin Oberlin da ke jihar Ohio, ya tara wasu ɗalibai maza a kan katifun motsa jiki suka yi wani wasa da ya sa wa suna Magnesium. Babu kiɗa, babu taku. Gudu suke yi su yi karo da juna, su faɗi, su mirgina, su tashi, wani ya cafe wani a iska. Da suka gaji kuma sai duk suka tsaya cak na wasu mintuna, wasa ya ƙare. A watan Yuni na shekarar, a wani ɗakin nunin zane na John Weber da ke birnin Niyok, ya sake tara matasa maza da mata suka kwana biyar suna yin irin wannan a gaban duk wanda ya leƙo. Daga nan aka haifi rawar da masu yinta ke kira kontak a taƙaice. Cikakken sunanta na nufin abu biyu: jiki ya taɓa jiki, kuma a ƙirƙiri motsi nan take ba tare da shiri ba. Da Bahaushe ne ya raɗa mata suna, da rawar jingina zai ce.

Ga yadda take. Mutum biyu za su haɗa wani sashe na jikinsu, ko kafaɗa da kafaɗa, ko baya da baya, ko ma goshi da goshi. Sai kowa ya saki kaɗan daga nauyinsa a kan ɗan'uwansa, irin sakin da idan ɗaya ya janye ba sanarwa ɗayan zai kife. Wannan wurin da suka haɗu shi ne komai. Ba a yarda ya rabu ba, amma an yarda ya yi yawo: ya gangara daga kafaɗa zuwa gadon baya, ya zagayo ƙugu, ya sauka cinya, su kuma suna bin sa duk inda ya nufa. Wani lokaci ya kai su ƙasa su yi ta birgima, wani lokaci ka ga ɗaya ya ɗare kafaɗar ɗaya ana juyi da shi ƙafafunsa a sama. Ba wanda ya ce a yi haka. Babu mai ja, babu mai bi.

Abin da kan ba baƙo mamaki shi ne yadda siririyar mace ke ɗaukar ƙaton namiji ba ta ko nishi. Sirrin ba a damtse yake ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli ɗan dako a kasuwa yana saɓa buhun masara ya ga dabarar: yakan rusuna ne ya shigar da ƙugunsa ƙarƙashin kayan, ya bar ƙashi ya ɗauka maimakon tsoka, sa'an nan ya yi amfani da lilon da buhun ya riga ya yi. Bambancin kawai shi ne a nan buhun yana da rai, yana kuma taimakawa.

Tun farko masu wannan rawa sun lura cewa ido ba ya yi musu wani amfani sosai. Abokin rawarka yana bayanka, ko yana kanka, ko kai kanka yana ƙasa ƙafarka na sama, to me za ka kalla? Saƙon da kake buƙata ta fata yake zuwa. Shi ya sa malamai suka riƙa sa ɗalibai su rufe ido, wasu har su ɗaura ƙyalle. Daga nan tambaya ta taso da kanta: idan har rawar ba ta buƙatar ido, me ya hana waɗanda ba su da shi su shigo?

A 1986 Paxton da wata malamar sashen wasan kwaikwayo na kwalejin, Anne Kilcoyne, suka kafa wata ƙungiya a Dartington mai suna Touchdown Dance, domin makafi da masu ido su yi wannan rawa tare. A lura, ba wai a koya wa makafi taku su hau dandamali a tafa musu don tausayi ba. Kusan duk wata rawa a duniya da kwaikwayo ake koyonta: malami ya yi, ɗalibi ya gani ya maimaita, ga madubi a bango yana duba kansa. Makaho an rufe masa wannan ƙofa tun daga zaure. A rawar jingina kuwa babu abin kwaikwaya, saboda haka babu abin da ya rasa.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan zurfi. A yi tunanin irin taɓawar da makaho ke samu a yini. A kama masa hannu a tsallakar da shi titi, a dafa shi a zaunar, a ja shi a kauce wa rami. Duk taɓawar taimako ce, kuma kullum shi ne ake yi wa. A ƙasar Hausa ma hoton da kowa ya sani ke nan: ɗan jagora a gaba, sanda a tsakiya, makaho a baya. Ga shi kuma tun yana yaro ana ce masa kada ka yi gudu, kada ka yi tsalle, za ka faɗi. To a ɗakin rawar nan, sai ga shi an ce masa ya faɗi da gangan, an koya masa yadda zai faɗi, sa'an nan wani mai ido ya zo ya ɗora masa nauyinsa gaba ɗaya yana dogaro da shi. Wanda aka saba riƙewa, yau shi ke riƙe wani.

Darasi irin wannan yakan fara ne da cire takalmi, da agogo, da zobe, da duk abin da zai iya yagar fata. Sai a ce kowa ya tsaya tsaye, ya rufe ido, ya saki jiki, kada ya yi komai. Paxton ya kira wannan tsayuwa ƙaramar rawa, kuma mai karatu zai iya gwada ta a ɗakinsa yanzun nan. Bayan minti ɗaya ko biyu zai ji ashe ba a tsaye yake cak ba: yatsun ƙafa na damƙar ƙasa suna saki, idon sawu na gyara kansa, jiki na ɗan lilo gaba da baya. Dalili kuwa, abu uku ke riƙe da ɗan Adam a tsaye: ido, da wasu 'yan bututu masu ruwa a can cikin kunne, da jijiyoyin gaɓoɓi da tafin ƙafa masu gaya wa ƙwaƙwalwa inda kowane sashe yake. Mai ido ya saba dogaro da na farkon ba tare da ya ankara ba. Wanda bai yarda ba ya ɗaga ƙafa ɗaya idonsa a buɗe, sa'an nan ya rufe, ya ga daƙiƙa nawa zai yi.

Daga tsayuwa sai a koma ƙasa. Akan daɗe a nan, har mai gajen haƙuri ya fara tambayar yaushe za a fara rawar. Mirgina dama, mirgina hagu, rarrafe, zamewa daga durƙuso zuwa kwanciya ba tare da gwiwa ko gwiwar hannu ta daki daɓe ba. Ana koyon faɗuwa ta gefen jiki mai tsoka, a lanƙwashe kamar ƙwarya, yadda ƙarfin faɗuwar zai zama mirgine maimakon bugu. Sai wanda ya daina tsoron ƙasa ake haɗa shi da mutum, don mai tsoron faɗuwa shi ne mai cakumar abokinsa, mai cakuma kuma shi ke jawo rauni. Shi ya sa babbar doka a wannan rawa ita ce kada ka riƙe wa wanda ke kanka hannu ko ƙafa. Da su zai sauka. Idan ka damƙe su da niyyar taimako, to ka kayar da shi da ka.

Sa'an nan a zo baya da baya. Nan ne mai idon da aka ɗaure wa fuska yake raina kansa. Kafaɗunsa su ɗage, numfashinsa ya tsaya a wuya, hannayensa su miƙe gaba suna lalube, ya jingina da abokinsa amma rabin nauyinsa na maƙale a ƙafarsa don ko-ta-kwana. Kuma abokin yana ji sarai. A fuska ana iya yin murmushin ƙarya, amma nauyi ba ya ƙarya; ko ka ba da shi ko ba ka bayar ba. Jiki magayi ke nan. Wanda ya shekara ashirin yana auna faɗin ɗaki da amon sautinsa, yana gane daɓe da tafin ƙafa, sau da yawa shi ne ke zama natsattse a cikin su biyun. An ce gani ya kori ji, amma a ɗakin nan ji ne ya kori gani.

Wani abin lura: gadon bayan mutum ba shi da kaifin ji irin na yatsa. Idan aka ɗora tsinke biyu a kan ɗan yatsa da tazarar milimita 2 ko 3 zai gane biyu ne, amma a baya sai an raba su da kusan santimita 4. Duk da haka da bayan ake yawancin zancen, domin abin da ake saurare ba ƙaiƙayin fata ba ne. Nauyi ne, da inda ya karkata, da ko ƙafar abokinka ta kafu a ƙasa kafin ka hau.

Kada dai a ɗauka ɗaura ƙyalle daidai yake da makanta. Mai ƙyalle zai kwance abinsa bayan awa ɗaya ya kama hanyar gida, kuma abin da ya ji ruɗewar sabon shiga ce kawai, ba rayuwar wanda ya ƙware ba. Sa'an nan da yawa daga cikin waɗanda ake kira makafi suna ganin haske ko inuwa ko wani yanki na abin da ke gabansu, ba duhu ne baƙi ƙirin ba kamar yadda fim ke nunawa.

Tunda an ambaci fim, 'yan kallo sun sha ganin makaho na rawa a allo. Akwai Al Pacino a Scent of a Woman na 1992, inda ya fito tsohon soja makaho ya ja wata budurwa rawar tango a otal, rawar da ta taimaka ya ɗauki kyautar Oscar a 1993. Akwai Kajol a Fanaa na 2006, ga kuma Hrithik Roshan da Yami Gautam a Kaabil na 2017, su biyu duk makafi suna cashewa. Sun ƙayatar, babu musu. Amma duk masu ido ne suke kwaikwayon rashin ido, an tsara takun, an yi rihazal, in an yi kuskure darakta ya ce a sake, edita ya yanke. Kasadar ta labari ce. A rawar jingina babu a sake. Idan ƙugun da ka dogara da shi ya goce, ƙasa ce za ta ba ka amsa.

Gaskiyar magana kuma, rawar ba ta da daɗin kallo kamar waɗancan. Sau da yawa babu kiɗa, babu anko, babu mai kallon kyamara, sai mutane cikin tsofaffin wanduna suna birgima kamar 'yan kokawar da suka manta ana kayarwa. Furodusan da ya zuba kuɗinsa a irin wannan, to ya shirya komawa ƙauye. Amma abin mamaki, tun daga 1972 da bidiyo rawar ta girma, don sukan ɗauki kansu su zauna su kalla, su ga abin da jiki ya yi wanda hankali bai riska ba. Daga irin waɗannan kaset ɗin aka haɗa wani ɗan gajeren fim mai suna Fall After Newton a 1987, wanda ya bi Nancy Stark Smith, ɗaya daga cikin ɗaliban farko, tsawon shekara 11 tana rawa. An rage gudun hoton a wasu wurare, sai ka ga mace ta taho daga kafaɗar mutum da ka, amma kafin ta iso ƙasa jikinta ya riga ya zaɓi gefen da zai sauka. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Mai kallon finafinan Hausa, wanda ya saba ganin jarumi da jaruma sun yi waƙa ta minti bakwai ko yatsa bai taɓa yatsa ba, musamman tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, dole ya ce tirƙashi! Yana da hujjarsa, kuma ba wanda zai kawo wannan rawa lokeshin a Kano. Sai dai a tuna wasan farko na Oberlin maza ne zalla, kuma babu abin da ke cikin rawar da ya wajabta sai namiji da mace. Su kansu Turawan ba su tsira daga matsalar ba. Tun a 1975 su Paxton suka ƙi yi wa rawar rajista ko su ba da takardar shaidar malanta, suka bar ta kowa ya ɗauka, suka buɗe mujalla kawai don musayar ra'ayi. Wannan ya sa ta bazu duniya, amma ya bar ƙofa a buɗe ga wanda ya shigo da wata manufa. Mata da dama sun koka cewa an fake da rawa an taɓa su yadda ba su so, kuma musamman daga 2017 wuraren taruwa da yawa suka rubuta dokoki: kowa na da ikon cewa a'a, kowa na iya barin rawa a tsakiya ba sai ya ba da dalili ba. Ga wanda ba ya gani kuwa abin ya fi tsanani, tunda ba zai hango mai tahowa ba balle ya kauce. Shi ya sa a irin wannan zama akan faɗi suna kafin a taɓa mutum, a kuma gaya masa idan za a bar shi, kada ya yi ta magana da iska.

Ban da wannan akwai raunin yau da kullum: targaɗen wuyan hannu, ciwon gwiwa, karon kai da kai. Ba a ɓoye wa sabon shiga. Abin da ake gaya masa shi ne kowa shi ke da alhakin saukar kansa, kada ya hau inda bai san yadda zai sauko ba.

Wanda ya je Dartington neman ɗaliban rawa yanzu ya makara. Kuɗi sun yi wa kwalejin ƙaranci, a 2008 aka haɗe ta da wata kwaleji a Falmouth da ke gundumar Cornwall, a 2010 kuma aka kwashe ɗalibai da malamai aka koma can, duk da zanga-zangar da mutanen Totnes suka yi. Ita kuwa Touchdown Dance tun a shekarun 1990 ta koma birnin Mancesta a hannun Katy Dymoke. Nancy Stark Smith ta rasu a 2020. Paxton ya ƙare rayuwarsa a wata gona a jihar Vermont, inda ya daɗe yana noman lambu, ya rasu a watan Fabrairu na 2024 yana da shekara 85.

Zauren John Holland dai na nan, itatuwan nan 12 na nan a layinsu. Daga ƙofar dutsen zuwa tashar Totnes, in an bi ta gefen kogi, tafiyar minti arba'in ce a ƙafa, kuma a komawa Landan kujerar dama ake nema.